Daga Sananne zuwa Mai Muƙami: Tarihin Kalmomin Shahara da Asali a Harshen Latin

1. Gabatarwa

Harshen Latin shi ne harshen mutanen birnin Rum da ke ƙasar Italiya, kuma da shi aka tafiyar da mulki da shari'a a yammacin daular Rumawa shekaru aru-aru. Ko da yake yau babu wata al'umma da ke tashi da shi a matsayin harshen gida, daga gare shi ne Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da Fotugis suka fito, sa'an nan kalmominsa sun cika Ingilishi maƙil, musamman a fannin shari'a da aikin ofis.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a wannan lacca guda ɗaya ne. Kalmomin da Rumawa suka riƙa kiran manyansu da su, yawancinsu kalmomi ne da ke nuna abin da wasu mutane suka yi wa mutum: an san shi, an ji labarinsa, an zaɓe shi, an yaba masa. Saboda haka tambayar da ke ƙarƙashin tarihin waɗannan kalmomi ita ce: wane ne ke yin sanin, kuma wane ne ke yin yabon? Amsar ta sake har sau uku a tarihin Rum. Da fari jama'ar gari ne a wurin zaɓe, daga baya sai abin ya koma gado a hannun wasu gidaje ƙalilan, daga ƙarshe kuma ya zama takarda da ke fitowa daga fadar sarki. Shekarun da aka sa wa K.M. na kafin Miladiyya ne, sauran kuwa na Miladiyya.

2. Sifa 'yar aikatau a Latin

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a ɗan taɓa nahawu. A Hausa, daga aikatau “sani” ana samun “sananne”, daga “zaɓa” ana samun “zaɓaɓɓe”, daga “fita” kuma “fitacce”. Irin wannan kalma ita ce sifa 'yar aikatau: tushenta aiki ne, amma tana siffanta suna, tana kuma bin jinsinsa da adadinsa. Masu karatun Larabci sun san makamancinta a ismul fa'ili da ismul maf'uli, kamar Hamidu, mai yabo, da Mahmudu, wanda aka yaba.

Malaman nahawun Latin sun kira ta participium, daga pars, watau rabo, da capere, watau ɗauka, domin a ganinsu tana da rabo a suna, tana kuma da rabo a aikatau. Donatus, malamin ƙarni na 4, ya ƙirga ta cikin rukunan kalmomi takwas. Pirisiyan, mutumin Kaisariya ta ƙasar Aljeriya ta yanzu, wanda ya koyar a Kustantiniya wajejen shekarar 500, ya keɓe mata littafi guda cikin littattafai 18 na babban nahawunsa.

Siffofinta huɗu ne. Idan aka ɗauki aikatau laudare, watau yabo, za a sami:

laudans: mai yabo, wanda ke cikin yin aikin;
laudatus: yababbe, wanda aka riga aka yaba;
laudaturus: wanda zai yi yabo nan gaba;
laudandus: wanda ya kamata a yaba, abin yabo.

Ta huɗun ba baƙuwa ba ce ga ma'aikatan hukuma. Kalmar “ajanda” asalinta agenda ne, watau abubuwan da ya kamata a aikata. Memorandum kuwa shi ne abin da ya kamata a tuna.

Akwai wani giɓi a wannan tsari da ya kamata a lura da shi. A yawancin aikatau na Latin, siffar da ke nuna aikin da ya riga ya wuce, mai ƙarewa da -tus, ta wanda aka yi wa aikin ce. Akwai kalma ɗaya ta “wanda aka yaba”, amma babu kalma ɗaya ta “wanda ya riga ya yaba”. Ba za a ce nahawu ne ya ƙera wa Rumawa tunaninsu ba. To amma da wannan siffa ce suka gina sunayen muƙamansu da yawa. Legatus shi ne wanda aka aika da saƙon hukuma. Praefectus, wanda aka sa a gaba. Designatus, wanda aka zaɓa amma bai kama aiki ba tukuna. Privatus, wanda ba ya riƙe da muƙami. 'Yan Majalisar Dattawa ana kiransu patres conscripti, watau iyaye rubutattu, waɗanda aka shigar da sunansu cikin rajista. Har ma daga suna sukan gina kalma a wannan ƙira: candidatus, ɗan takara, shi ne wanda ya sa farar riga, domin mai neman ƙuri'a yakan fito da mayafin da aka ƙara wa fari da alli.

3. Saiwa uku: ji, faɗi da sani

Kalmomin shahara a Latin sun fito ne daga saiwa uku. Ta farko ita ce ta ji. Inclutus, kalmar da mawaƙa suka fi amfani da ita, ma'anarta wanda aka ji labarinsa, kuma tsohuwar sifa 'yar aikatau ce. Tana da 'yan'uwa a harsunan da suka haɗa kaka da Latin: klytos a Girkanci, da shruta a Sanskrit na Indiya. Kalmar Girkanci kleos, watau suna ko shahara, ita ce a ƙarshen sunaye irin su Perikles da Sofokles. Ita ce kuma slava ta Rashanci da ke cikin Yaroslav, kuma saiwar ce a farkon sunan Jamusawa Ludwig. A shekarar 1853 wani masani Bajamushe, Adalbert Kuhn, ya nuna cewa waƙoƙin Homa na Girka da waƙoƙin Veda na Indiya suna da lafazi iri ɗaya mai nufin sunan da ba ya gushewa. Clarus kuma, wadda daga baya ta ɗauki ma'anar haske, dangin clamare ce, watau ɗaga murya. Asali abin da ake ji rangaɗau ne kafin ya zama abin da ake gani sarai.

Saiwa ta biyu ita ce ta faɗi. Daga fari, watau yin magana, aka sami fama, abin da mutane ke faɗi game da mutum. Daga nan kuma aka sami infans, jariri, wanda bai fara magana ba. Da fatum, ƙaddara, abin da aka riga aka faɗa. Da nefandus, abin da bai kamata baki ya furta ba. Rumawa ba su amince wa fama ɗari bisa ɗari ba, domin tana nufin suna, tana kuma nufin jita-jita. Mawaƙi Birjil, wanda ya rasu a 19 K.M., ya siffanta ta a littafi na huɗu na Aeneid da kamannin wata dodanniya mai fukafukai, jikinta duk idanu da kunnuwa da harsuna, mai yaɗa gaskiya da ƙarya gaba ɗaya. Famosus ma galibi mai mugun suna take nufi.

Saiwa ta uku, wadda ita ce ginshiƙin wannan bayani, ita ce ta sani. Aikatau ɗin shi ne noscere, tsohuwar siffarsa gnoscere. An ga wannan tsohon rubutu a jikin wani allon tagulla mai ɗauke da hukuncin Majalisar Dattawa na shekarar 186 K.M., wanda aka tono a kudancin Italiya a 1640, yake kuma ajiye a birnin Biyana. Harafin g ya faɗi a farkon kalma, amma ya tsira a tsakiya: notus, sananne, ignotus, wanda ba a sani ba, cognitus, wanda aka gane. Daga wannan saiwa, da ɗafa-ƙeyar -bilis mai nuna yiwuwa, aka sami nobilis, wanda ake iya sani, da kishiyarsa ignobilis.

A farkon al'amari nobilis ba ta ɗauke da yabo ko zargi. Marubucin tarihi Libi, wajen ba da labarin rikicin shekarar 186 ɗin nan, ya yi amfani da ita ga wata karuwa 'yantacciyar baiwa, yana nufin dai sananniya ce a gari. Latin kuwa bai rasa kalmomin haihuwa da jini ba: akwai gens, zuriya, generosus, ɗan babban gida, natus, haifaffe, patricius, ɗan tsofaffin gidajen Rum. Duk da haka, sa'ad da masu mulkin jamhuriya suka tashi raɗa wa kansu suna, kalmar sani suka ɗauka, suka kira kansu nobilitas. Dalilin haka yana cikin tarihin siyasarsu.

4. Yadda muƙami ya haifi suna

Bisa ga ruwayar Rumawa, an kori sarkinsu na ƙarshe a 509 K.M., aka maye gurbinsa da shugabanni biyu da ake zaɓa kowace shekara, waɗanda aka sani da konsul. Gidajen patricii suka yi kane-kane a wannan kujera da kuma muƙaman addini. Sauran 'yan ƙasa, watau plebs, waɗanda cikinsu akwai matalauta akwai kuma masu dukiya, suka shafe shekara fiye da 200 suna gwagwarmaya. A 445 K.M. aka halatta aure tsakanin ɓangarorin biyu. A 367 K.M. aka buɗe wa plebs kujerar konsul, Lusiyus Sekstiyus ya hau ta a shekara mai biye. A 287 K.M. kuma aka mai da hukuncin taron plebs doka a kan kowa.

Sakamakon haka shi ne aka sami sabon rukunin manya, gaurayen tsofaffin gidaje da attajiran plebs. Ba za a kira su duka patricii ba, tun da ba jininsu ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne jama'a sun san su, sun kuma zaɓe su. Muƙamin kansa honos ake ce masa, kalmar da ke nufin girmamawa. Babu albashi a cikinsa, sai ma kashe kuɗi. Dokar shekarar 180 K.M. ta tsara matakan hawa da shekarun da mutum zai kai kafin ya nemi kowane mataki. Ɗan takara yakan zagaya dandali yana gaisawa da mutane, wannan zagaye shi ne ambitio, kuma yakan tafi da wani bawa, nomenclator, mai raɗa masa sunayen waɗanda ya tarar. Mai son a san shi, dole ya nuna shi ma ya san mutane. Sai dai kada a ɗauka ƙuri'ar kowa daidai take da ta kowa: taron da ke zaɓen konsul an kasa shi rukuni 193 bisa ga dukiya, kuma rukunan masu hali ne ke fara jefawa, su ne kuma suka fi yawa.

Akwatin gawar Sikifiyo Barbatus, wanda ya yi konsul a 298 K.M., yana nan a gidan tarihi na Batikan. Rubutun da ke jikinsa ya ambaci mahaifinsa da kalmar prognatus, haifaffe daga wane, amma nan take ya juya ga masu karatu yana tuna musu muƙamai uku da mamacin ya riƙe a tsakaninsu, da garuruwan da ya ci da yaƙi. Asali da aiki suna tafiya tare a wannan rubutu, kuma jama'a ne shaidu.

Wanda ya ba da suna yana iya karɓe shi. Akwai jami'ai biyu da ake kira censor, masu ƙidayar jama'a da duba rajistar Majalisar Dattawa. Idan suka ga wani ya yi abin kunya, sai su sa alama, nota, kusa da sunansa, ya zama notatus, wanda aka yi wa tambari. A 184 K.M. Kato ya fitar da Lusiyus Filamininus daga Majalisa, alhali tsohon konsul ne, ɗan'uwan wani babban jarumin yaƙi. A 70 K.M. mutum 64 aka kora a lokaci guda.

5. Yadda suna ya zama gado

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, Rumawa ma haka suka ɗauka, har suka yi wa abin tsari. Duk wanda ya riƙe babban muƙami, akan ƙera kamannin fuskarsa da kakin zuma, a ajiye a cikin akwatin katako a babban zauren gidan, a rubuta muƙamansa a ƙasa. Waɗannan su ne imagines. Polibiyus, Bagirke da aka kawo Rum garkuwa a 167 K.M., ya ga jana'izar manyansu da idonsa, ya kuma bayyana ta a littafi na shida na tarihinsa. Akan samo mutane masu tsawo da ƙira irin ta kakannin, su sa fuskokin nan da tufafin muƙamansu, su shiga kekunan doki a rako gawa zuwa dandali. Can sai su zauna a jere a kan kujerun hauren giwa, ɗan mamacin ya hau mumbari ya yabi ubansa, sa'an nan ya bi kakannin ɗaya bayan ɗaya yana lissafa ayyukansu. Polibiyus ya ce manufar ita ce a zaburar da samari su jure wahala domin ƙasa.

To amma abin yana da wata fuska. Yaron da aka haifa a irin wannan gida sananne ne tun bai yi komai ba. Laƙabin da wani ya samu da guminsa sai ya zama sunan zuriya. An ruwaito cewa a 361 K.M. Titus Manliyus ya kashe wani ƙaton mayaƙin Gol a fito-na-fito, ya cire masa sarƙar wuya, torques, ya rataya. Aka kira shi Torquatus, mai sarƙa. Jikokinsa suka riƙa amsa wannan suna shekaru ɗaruruwa. A zamanin Sisero, kamar yadda Matthias Gelzer ya nuna a littafinsa na 1912, nobilis ta riga ta taƙaita ga zuriyar wanda ya taɓa yin konsul. Wasu masana, irin su Theodor Mommsen kafinsa da Peter Brunt a 1982, sun faɗaɗa iyakar ta haɗa da wasu manyan muƙamai, amma duka sun yarda cewa magana ce ta kakanni. Gidan Metelli kaɗai ya ba da konsul shida tsakanin 123 da 109 K.M.

Wanda ba shi da fuskar kaka a zaure, in ya kutsa ya kai matsayi, sai a kira shi novus homo, sabon mutum. Uku daga cikinsu sun yi fice. Kato, mutumin Tuskulum, ya yi konsul a 195 K.M. Mariyus, mutumin Arfinum, soja ne a ƙarƙashin wani Metellus a yaƙin da Rum ta yi da Sarki Jugurta na Numidiya, a Arewacin Afirka. Da ya nemi izinin komawa gida takara, sai ubangidansa ya ce masa ya jira ya tsaya tare da ɗansa, saurayi ɗan kimanin shekara 20. Mariyus ya tafi, ya ci zaɓen konsul na 107 K.M., daga ƙarshe ma sau bakwai ya riƙe kujerar. Marubucin tarihi Salust ya sa masa jawabi a baki, inda yake gaya wa jama'a cewa ba shi da fuskokin kakanni da zai nuna, sai lambobin yabon soja da tabon raunukan da ke gaban jikinsa, kuma waɗannan bai gaje su ba. Na uku shi ne Sisero, shi ma ɗan Arfinum, wanda ya kai kujerar a 63 K.M. da ƙarfin bakinsa a kotu, bayan kimanin shekara 30 ba a ga sabon mutum a kanta ba. Wanda ya kayar, Katilina, ɗan tsohon gidan patricii ne da ya ɗauki kujerar haƙƙinsa. Da ya sake faɗuwa sai ya ƙulla makircin juyin mulki, aka kashe shi a fagen yaƙi a farkon 62 K.M.

Abin lura shi ne, sababbin mutanen nan ba su nemi rushe tsarin ba. Hujjarsu ita ce asalin ma'anar kalmar: in dai nobilis sananne ne, to wanda ya kafa gidan ma sabon mutum ne a zamaninsa, kuma su ne suka fi kama da shi, ba jikokinsa ba. Da zarar Sisero ya hau kujera, ɗansa ya zama nobilis, ya kuma yi konsul a 30 K.M.

6. Yadda gado ya zama takarda

Yaƙe-yaƙen basasa sun cinye gidaje da yawa. Wata sifa 'yar aikatau ta shigo a wannan zamani mai ban tsoro: proscriptus, wanda aka kafe sunansa a dandali domin duk wanda ya gan shi ya kashe, a kuma ƙwace dukiyarsa. Sulla ya fara wannan a 82 K.M., aka maimaita a 43 K.M., Sisero na cikin waɗanda abin ya ci. A irin wannan rana, sanannen mutum shi ne ya fi kowa shiga haɗari.

Wanda ya rage a tsaye shi ne Oktabiyan, magajin Yuliyus Kaisar. Ranar 16 ga Janairu, 27 K.M., Majalisar Dattawa ta ba shi laƙabin Augustus, kalma mai ƙamshin addini, dangin augere, watau ƙaruwa, da auctoritas, watau kwarjini da faɗa-a-ji. Daga wannan laƙabi aka sami sunan watan Agusta. Zaɓe bai mutu nan take ba, amma ya zama inuwa. A shekarar 14, da Tiberiyus ya hau, aka ɗauke shi daga hannun jama'a aka mayar Majalisa. Bikin shigowa gari da ake yi wa janar mai nasara, wanda shi ne ƙololuwar daraja a jamhuriya, ya zama na gidan sarauta kaɗai. Na ƙarshe da aka yi wa wanda ba ɗan gidan ba shi ne na Korneliyus Balbus a 19 K.M., bayan yaƙinsa da Garamantawa na kudancin Libiya ta yanzu.

Tsofaffin sunaye suka zama abin zargi. Tasitus ya ba da labarin jana'izar Yuniya a shekarar 22, matar Kasiyus kuma 'yar'uwar Burutus, mutanen da suka kashe Kaisar. An fito da fuskokin manyan gidaje 20, ban da na waɗannan biyu, kuma a cewarsa rashin ganinsu ne ya sa suka fi kowa fitowa fili. Suwetoniyus kuma ya ruwaito cewa Sarki Kaligula, wanda ya yi mulki daga 37 zuwa 41, ya hana wani Torquatus sa sarƙar gidansu, ya kuma cire wa wani jikan Pompi laƙabin Magnus, watau babba. A tarihin surukinsa Agirikola, Tasitus ya nuna cewa an kai lokacin da kyakkyawan suna, in ya yi yawa, haɗarinsa bai gaza na mugun suna ba.

A gurbin tsohon tsari sai aka kafa na matakai. Agustas ya ƙayyade cewa ɗan Majalisa sai ya mallaki dukiyar sesterti 1,000,000, ɗan rukuni na biyu kuwa, watau mahaya, 400,000. A ƙarni na 2 kalmomin yabo suka daskare suka zama laƙabin ofis. Kowane ɗan Majalisa clarissimus ne, mafi haske, haka matarsa da 'ya'yansa, har jariri na goye. Ma'aikatan sarki daga rukunin mahaya aka kasa su uku: egregius, wanda ya fita daga garke, daidai da “fitacce” na Hausa, perfectissimus, daga perfectus, kammalalle, da eminentissimus, daga eminens, wanda ya ɗara saura tsawo, laƙabin shugabannin dogaran sarki. Har da albashi aka riƙa kiransu: sexagenarius mai 60,000 a shekara, centenarius mai 100,000, ducenarius mai 200,000, trecenarius mai 300,000. Ita kuwa nobilissimus, mafi sanuwa, tun daga ƙarshen ƙarni na 2 ta zama laƙabin ɗan sarki mai jiran gado.

Laƙabi kamar kuɗi yake, in aka buga shi da yawa sai darajarsa ta faɗi. Majalisar da take da mutum 600 a zamanin Agustas ta kai kimanin 2,000 a ƙarni na 4, ga kuma wata sabuwa a Kustantiniya. Da clarissimus ya zama ruwan dare, sai aka ɗora masa spectabilis, abin kallo, a bisansa kuma illustris, haskakakke. Dokar Sarki Balentiniyan ta 372 ta tsara wanda zai gabaci wani, wata doka ta 384 kuma ta ɗauki zama a mazaunin da ba na mutum ba tamkar saɓon abin tsarki. Wajejen shekarar 400 aka tsara kundin Notitia Dignitatum, jerin dukan muƙaman gabas da yamma da alamominsu. Kalmar notitia kanta daga notus take. A zamanin Justiniyan, 527 zuwa 565, illustris ma ya yi arha, aka ƙirƙiro gloriosus a bisansa. Yanzu mutum ya zama sananne ne in sunansa na cikin kundi, kuma yana riƙe da codicilli, takardar naɗi daga fada.

Waɗannan kalmomi sun rayu bayan daular. Coci ta ɗauki reverendus, wanda ya kamata a girmama, ta ba limamanta. A 1630 Paparoma Urban na 8 ya ba kadinal-kadinal laƙabin da ya fito daga eminens. Daga excellens kuma aka sami laƙabin da harsunan Turai ke yi wa jakadu da shugabannin ƙasa. Nobilis kuwa, a Turai ta tsakiyar zamani, ta zama sunan masu gadon ƙasa da sarauta, har aka manta tana da wata dangantaka da sani.

7. Kammalawa

An ga yadda kalma ɗaya ta bi matakai uku: sananne ga jama'a saboda muƙamin da suka ba shi, sa'an nan ɗan gidan sananne, sa'an nan wanda fada ta rubuta wa daraja. A kowane mataki akwai Rumawan da suka koma ga tushen kalmar suna jayayya. Mariyus ya yi haka a gaban taron jama'a. Mawaƙi Jubenal, a farkon ƙarni na 2, ya gina waƙarsa ta takwas a kan cewa zaure cike da fuskokin kaki ba ya amfanar wanda halinsa ya ɓaci, nagarta ce kaɗai asali.

Ga ɗalibin harshe, darasin shi ne tushen kalma ba ya ɗaure ma'anarta. Masu iko ne da zamani ke ja da ita, kuma sai an bi ta ƙarni bayan ƙarni ake gane abin da take nufi a kowane rubutu. Wanda ya fassara nobilis iri ɗaya a Libi da Sisero da dokokin ƙarni na 4, ya yi kuskure sau biyu. Ga ma'aikaci kuwa, nahawun da aka fara da shi yana da abin cewa. Laudatus da laudandus harafi kaɗan ne tsakaninsu, amma na farko labari ne na abin da aka riga aka yi wa mutum, ko da gaskiya ko da son rai, na biyu kuwa hukunci ne kan abin da ya cancanta. Hausawa na cewa in ka ji wane ba banza ba. Jamhuriyar Rum ta yi ƙarfi a lokacin da wannan magana take kusa da gaskiya, domin ana iya tambayar me wane ya yi, kuma akwai censor da zai iya shafe sunansa. A ƙarni na 4 an fi kowane zamani yawan masu laƙabin haske, amma ba a yin wannan tambaya. Doka ta hana a yi gardama da zaɓin sarki, abin da ya rage wa hukuma shi ne ta tsara wanda zai zauna gaban wani.